Rabin Sunana a Faifan Turawa

Har yau a unguwar Limawa ta Dutse akwai masu cewa neman arziki ya kai ni Ingila, na dawo da jaka ɗaya da tarin da ba ya jin magani. Ban taɓa gyara musu zance ba. In na ce musu rabin kalma na bi har can, cewa za su yi sanyin ƙasar ya taɓa mini kai, ni kuma Allah bai hore mini haƙurin dogon bayani ba.

Sunana Usmanu, a gida Manu. Baffana, wato mahaifina, makiyayi ne a wata ruga kusa da Taura, gwanin busa sarewa, ko da yake shanun namu ba su taɓa fin yatsun hannu ba tun da na yi wayo. Ni ne babba a gidan, a wurinmu kuwa uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce. "Kai" nake a bakinsa, ko "wannan", ranar da abin ya yi daɗi in zama "yaron nan". Ƙannena kuwa ya kira su da suna, ya ɗora su a cinya. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin cina ba. Ya rasu ina makarantar kwana, bai bar hoto ba, bai bar murya ba.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika da ma'aikata, sai na buɗe shagon ɗaukar kaset da gyaran rediyo. Wata rana wani Bature mai aikin rijiyoyin burtsatse ya kawo rikodarsa ta cinye zare. Na gyara, na danna don gwaji. Kiɗan wasu 'yan Ingila ne, jita da ganguna da goge irin nasu. Waƙa ta uku sai ta buɗe da sarewa ita kaɗai, ga kukan shanu a bayanta. Sukudireba ta suɓuce mini. Busan Baffa ne, wanda yake yi da hantsi bayan tatsa, har da ɗan tsayawar nan da yake yi ya haɗiyi yawu. Can busan ya katse, ya ja numfashi, ya ɗaga murya ya ce "Ma", sai ganguna suka rufto a kai.

Ma me? A gidanmu ba mai suna da Ma sai ni. Na kwafi kaset ɗin, na yi ta mayar da wurin baya har zaren ya saki. Daga ƙarshe na rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke jikin kwalin. Bayan watanni amsa ta zo da wata karyayyar Hausa, daga mai busa na ƙungiyar. Ya ce ya taɓa koyarwa a ƙasar Kano, ɗalibai suna ce masa Malam Dogo, shi ya ɗauki busan a ruga, kuma asalin zaren yana nan a sitonsu ba a yanke ba. Ya ce in zo. Na sayar da kayan shagon da saniyar gadona.

A filin jirgin Landan ba wanda ya zo tarbata. Na tsaya da wasiƙar a hannu tun safe har la'asar, ina bin fuskar kowane dogon Bature da kallo. Lambar wayar da ya ba ni ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Sai ga wani mutum da babbar riga a ƙarƙashin kwat, ya dubi hulata ya ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Wallahi da na ji Hausa sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce sunansa Alhaji Tanko. Ya karanta wasiƙar, ya girgiza kai.

"Makaɗa ka biyo? Waɗannan ba su da gida, yau suna nan gobe suna can. Zo ka zauna wurina, ni zan nemo maka su. Kawo fasfon in adana maka, garin nan ɓarayi."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. Duk sanda na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Wurin nasa ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, mu bakwai a ciki, aikin kuma fiɗar kaji a wani ɗakin sanyi da ke bayan gari. Ni da na taso ina ganin taɓa kaza aikin mata ne, na wayi gari ina zare hanjin kaji tun asuba har duhu, hannu a cikin ruwan ƙanƙara. Yatsuna biyu na hagu har yau ba sa jin zafi ba sa jin sanyi. A nan tarin ya kama ni. Rana ba ta fitowa, in ma ta fito ba ta da amfani. Nakan tuna furar Inna da kindirmo har in ji ƙanshin ƙwaryar, sai in buɗe ido in ga bokitin hanji. Duk Juma'a in tambayi Alhaji Tanko labarin makaɗa, ya ce, "Ana nan ana bincike, kai dai ka cika gaggawa." Haka na yi wata biyar.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne direban motar kajin, Baba Seidu, Bahaushen zangon Kumasi. Hausarsa duk a karkace, mace ya ce "shi", amma zuciyarsa a miƙe take. Ya ji labarina muna cin burodi a bayan mota, bai yi mini dariya ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya riƙe hannun Alhaji Tanko kamar mai gaisuwa, ya ƙi saki.

"Alhaji, littafin yaron nan da ka adana, yau yake so. Ga mutane shaida, mu je mu ɗauko ko ka aika?"

Kafin la'asar fasfona yana aljihuna. Baba Seidu ya cire kwat ɗin jikinsa ya sa mini, ya kai ni tashar bas, ya rubuta wa direba sunan ƙauyen makaɗan a takarda. Ya ce, "In ka ji abin da babanka ya faɗa, ka yi masa addu'a, ka koma gida. Nan ba wurin zama ba ne." Ban sake ganinsa ba.

Ƙauyen yana can arewa, tsakanin tuddai da tumaki masu ƙiba kamar maruƙa. Gidan tsohuwar gona ce. Wanda ya buɗe mini ƙofa wani gajere ne mai jan fuska, Mista Bil, makaɗin gangunan ƙungiyar. Ya kai ni wurin Malam Dogo, sai na gane dalilin da ba a zo tarbata ba. Kwana kaɗan kafin in sauka ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kan keken guragu, baki a karkace, Turancin ma ya gudu ya bar shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Abin da ya rage masa ke nan, gaisuwa. Na tambaye shi wace shekara ya je rugarmu, ya ce, "Lafiya lau."

Mista Bil ya kai ni siton. Manyan faifan zare ne irin na gidan rediyo, a kwalaye, jibge har rufi. Ambaliya ta taɓa shiga ta wanke rubutun jikinsu, ba ka sanin wane ne wane. Ya ce aikin da yake yi ke nan, yana kwashe su ɗaya bayan ɗaya don a sake fitar da tsofaffin waƙoƙinsu. Na babana yana ciki, amma Allah kaɗai ya san inda yake. In ina so, in zauna in taya shi, ga ɗaki ga abinci.

Na ce masa, "Kai ne ka buga gangar da ta rufe masa baki?"

Ya ce, "Ni ne. Ihu ne kawai, yana ɓata busan."

Na tsani mutumin nan a ranar, tsana mai tsanani. Na ce zan zauna.

Aikin yana da ƙa'ida. Tsohon zare in ya sha danshi yakan yi danƙo, in ka sa shi a na'ura haka nan sai baƙin jikinsa, inda muryar take, ya saɓule ya manne a ƙarfe. Dole sai an gasa shi. Akwai wata ƙaramar tanda ta lantarki, a jera faifai huɗu a ciki da wuta kaɗan, su wuni su kwana, a fitar su huce, sannan a juya su sau ɗaya a kwafe. Na yi dariya ranar farko, na ce mu a Dutse gurasa muke gasawa. Mista Bil ko murmushi bai yi ba.

Da haka na ji tarihin mutanen nan kaf, ba da son raina ba, kuma a hargitse, yau ƙarshe gobe farko. Su biyar suka fara suna ɗalibai, suna bin ƙauyuka da rikoda suna ɗaukar waƙoƙin tsofaffin manoma da masunta kafin su mutu da su. Faifansu na farko sanyi-sanyi, murya da goge kawai. Daga baya suka jona jita da lantarki, suka riƙa jan waƙa ɗaya har ta cinye gefen faifai guda, suna cusa mata duk abin da suka tsinto, har da sarewar Baffa. Akwai zaren da aka ɗauka a wani dandali, kana jin tsofaffin masoyansu suna yi musu ihun sun ci amanar waƙar kakanni. Akwai wanda ba kiɗa a ciki sam, sai faɗa a kan wa ya rubuta me, da ƙarar kujera da aka jefar. Kamfani ya yasar da su da yayi ya wuce. Biyu suka tafi ba sallama.

Sai mawaƙiyarsu. Ban san kalmomin da take faɗa ba, amma in ta ja murya sai in tuna Inna tana burga nono. A faifan farko-farko tana yawan dariya. A na baya tari take yi, ta ce a sake, ta yi tari, ta ce a sake. Ciwon maƙogwaro ya kashe ta. Duk sanda muryarta ta fito, Mista Bil sai ya tashi ya ce zai duba tumaki, alhali tumakin ba nasa ba ne. Ya ce mini sau ɗaya akwai waƙar ƙarshe da ta yi, ba a taɓa fitarwa ba, ita yake nema. Shi ne kuma ya kwashe kwalaben giyarsa daga kusurwar ɗakin don in riƙa salla, ya ware mini tukunya ba tare da na roƙa ba. Na so in ci gaba da tsanarsa, abin ya ƙi zama.

Bizata ta ƙare muna tsakiyar sito. Na daina zuwa ko kanti. Faifai huɗu a kwana biyu, ga kwalaye ba sa raguwa, ga tari yana hana ni sakat. To a nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Wata safiya Mista Bil ya kai Malam Dogo asibiti, sai na ga wani kwali da ɗan jan yashi a maƙale a kusurwarsa. Zuciyata ta ce wannan ƙasarmu ce. Na ce ni da na shekara biyar ina ɗinke zare da jan farce, Bature ne zai koya mini zare? Na ɗora zaren ba tare da na gasa shi ba, na danna.

Ba Baffa ba ne. Mawaƙiyar ce, ita kaɗai ba kiɗa, murya a dishe. Ta yi baiti ɗaya, na biyu ya fara shaƙewa, na'urar ta yi wani ƙugi. Kafin in kashe, baƙin zaren ya taru a kan ƙarfen kamar kwalta, abin da ya wuce ya zama fari fes kana hango hannunka ta ciki.

Da ya dawo na gaya masa a tsaye, ban ɓoye komai ba. Ya ɗauki zaren ya ɗaga shi wajen taga. Ya tambaye ni, "Ka ji ta?" Na ce na ji baiti ɗaya. Ya ce, "Yaya take?" Na rasa Turancin da zan faɗa, sai na yi masa gunjin karin da bakina, iya abin da na riƙe. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya fita. Na haɗa jakata ina jiran kora ko 'yan sanda. Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu ya buga ƙofata ya ce tanda ta huce, in zo in fitar. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mun sami zaren Baffa bayan wata biyu, a wani kwali da ba alamar komai. Zakara ya fara, sai luguden turmi, sai shanu. Shanu masu yawa, har na ce a raina lalle na maƙwabta sun haɗu da namu. Sai sarewa. Na riƙe gefen tebur. Busan ya katse inda na sani, ya ja numfashin da na haddace, kuma wannan karon ba ganga.

"Manu! Manu, war ɗo."

Wato zo nan. Aka ji gwarancin yaro yana matsowa, yana dariya. Baffa ma ya yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, ya ce a hankali, "Manu am." Manuna.

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ba namiji ba. Mista Bil ya bari sai da na lafa, ya ce, "Me ihun yake nufi?" Na ce sunana ne. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Shi da kansa ya kwafa mini a kaset, ya naɗe a leda.

Na kai kaina wurin hukuma. Suka ajiye ni makonni a wani gida mai waya a katanga, sannan suka sa ni a jirgi. Kaset ɗin yana cikin safata duk tsawon lokacin.

Na sauka a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Dutse ta canja, masu shagon kaset duk sun koma wa'azi da karatu. Inna ta bar ruga, tana Yalwawa gidan ƙaninta Kawu Bello, idonta ya yi rauni. Da na faɗi abin da na kawo, Kawu ya ce, "Usmanu, ban hana ka komai ba, amma ba a busa a gidan nan." Raina ya ɓaci, na buɗe baki, sai na tuna ai ba busan na je nema ba. Turawa sun ɗauki sarewar sun yar da muryar, nan kuma muryar ce ke da izinin shiga. Na ce, "Kawu, magana ce kawai zan sa." Na zura biro a kaset ɗin na juya har na wuce busan, na tsaya daidai numfashin.

Inna tana kan tabarma da hantsi, ta juyo da kunnenta. Baffa ya yi kira, yaron ya yi dariya, shanu suna ta kuka a baya. Ina kallon fuskarta ina jira ta yi murmushi, ta ce ka ga, ashe yana kiran ka. Ba ta yi ba.

"Kai," ta ce, don ita ma haka take ce mini, "ka ji shanun nan?"

"Na ji, Inna. Da na maƙwabta ne?"

"Namu ne, duka. Ka taɓa ganin garkenmu ya kai haka?"

Shekarun da ke takarduna hedimasta ne ya yanka mini ranar da ya sa na ɗora hannu a ka na kamo kunne, ban taɓa zama na lissafa ba.

"Wannan kafin fari ne," in ji ta. "Farin ya cinye shanun, ƙyanda ta ɗauki yaron, duk a shekara ɗaya. Kai bayan nan aka haife ka, kakanka ya mayar maka da sunan."

Kawu Bello ya tashi ya shiga ɗaki. Na ce, "To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Baffanka ne ya hana. Wancan yaron shi ne ɗan farinmu, amma ya ƙi jin kunyarsa. Manu a gaban surukai, Manu a kasuwa, a kafaɗa yake yawo da shi. Da yaron ya tafi, mutanen ruga suka ce kiran ne ya ja masa baki. Ya yarda da su. Ranar sunanka ya ce wannan ba zai kira shi ba ko sau ɗaya, ko Allah zai bar mana shi." Ta laluba ta dafa ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ka ga kuwa ka zauna."

Na dubi yatsuna biyun nan da suka mutu. Shekara biyu, da shagona, da saniyata, da waƙar matar mutane da na kashe, duk don in ji ana kiran wani. Na ji haushi, na ji tausayin Baffa, na rasa wanne zan fara da shi, sai tari ya turnuƙe ni. Inna ta jira har ya sake ni.

"Mayar baya kaɗan," ta ce, "wurin da yaron yake dariya."

Na zura biro na mayar.